Haɓo da Matoshin Hanci: Yadda Ake Kula da Majinyaci a Gida

Gabatarwa

Idan hunturu ya kama, ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibi ya fito daga aji yana riƙe da hanci, jini na ɗiga a gaban rigarsa. Wannan shi ne haɓo. Masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 60 cikin 100 kan yi haɓo ko da sau ɗaya ne a rayuwarsu, kuma mafi yawansa yakan tsaya da kansa cikin 'yan mintoci. To amma akan sami wanda yake ƙin tsayawa, har ta kai ga an garzaya asibiti. A can, ɗaya daga cikin dabarun da likita kan yi shi ne ya cusa wani abu mai laushi a cikin kafar hancin domin ya danne inda jinin ke fitowa. Wannan abu shi ne za mu riƙa kira matoshin hanci a cikin wannan darasi.

Sau da yawa akan sallami majinyaci ya koma gida ko makaranta da matoshin a hancinsa, a ce ya dawo bayan kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki babu likita a kusa. Lafiyar majinyacin tana hannunsa da hannun iyayensa, ko malamin da ke kula da ɗakin kwana. Manufar wannan darasi ita ce a fahimci abin da ya kamata a yi a wannan tsakani, da kuma dalilin yin sa a kimiyyance.

Daga ina jinin ke fitowa?

Hanci ba hanyar wucewar iska kawai ba ne. Baligi kan shaƙi iskar da ta kai kimanin lita 10,000 a kowace rana, kuma aikin hanci ne ya tace ta, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, kafin ta isa huhu. Domin gudanar da wannan aiki, an shimfiɗe cikin hanci da wani tantani mai danshi wanda ke cike da ƙananan jijiyoyin jini, suna kwance dab da sama.

A tsakanin kafofin hanci biyu akwai wani shamaki, wanda gabansa guringuntsi ne, bayansa kuma ƙashi. A gaban wannan shamaki, daidai inda kan yatsa zai iya kaiwa, akwai wata mahaɗa inda rassan jijiyoyi da dama suka sarƙe da juna kamar saƙar taru. Wani likitan Amurka mai suna James Little ya yi bayanin wannan wuri a 1879, sannan wani Bajamushe, Wilhelm Kiesselbach, ya ƙara bayani a kansa a 1884, shi ya sa littattafan likitanci ke kiran wurin da sunayensu. Kimanin kashi 90 cikin 100 na haɓo daga nan yake fitowa. Ragowar kuwa daga can cikin ƙuryar hanci yake ɓallewa, inda jijiyoyin suka fi kauri. Irin wannan ya fi samun dattawa, ya fi kuma wuyar tsayarwa.

A nan ne hunturu ya shigo. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce mai ɗauke da ƙura. Yadda take tsattsage leɓe da diddige, haka take busar da tantanin hanci har ya tsage. Sai majina ta bushe ta zama ɓawo, yaro ya sa farce ya ɓamɓare, jijiya ta fashe.

Taimakon farko kuwa shi ne a zaunar da mai haɓon, ya ɗan sunkuyo gaba, ya matse sashen hanci mai laushi, wato ƙasa da ƙashin karan hanci, na tsawon minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ba, yana numfashi ta baki. Ɗaga kai sama, kamar yadda aka saba, kuskure ne, domin jinin bai tsaya ba, hanya kawai ya sake, ya bi ta maƙogwaro zuwa ciki. Idan aka matse sau biyu jinin bai tsaya ba, sai asibiti.

Mene ne aikin matoshi?

Matoshin hanci iri-iri ne. Akwai dogon siririn bandeji da ake shafe shi da man Vaseline ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jera shi ninki bisa ninki a cikin hanci. Akwai wani busasshen soso, irin su Merocel, wanda yake kumbura idan ya jiƙa, ya cika kafar hancin. Akwai mai kama da balan-balan, irin su Rapid Rhino, wanda ake hura masa iska da sirinji bayan an saka shi. Akwai kuma wanda yake narkewa da kansa, ba sai an cire ba. Galibi akan bar wani zare ko siririn bututu a waje, a manne shi a kumatu da filasta. Idan kuwa jinin daga ƙuryar hanci yake, har aka toshe ta can baya, to wannan majinyaci ba a sallamarsa gida. Kwantar da shi ake yi, saboda irin wannan toshewa kan iya rage iskar da ke shiga jikinsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, matoshi ba ya warkar da jijiyar da ta fashe. Danne ta kawai yake yi, kamar yadda mutum zai sa yatsa ya danne hudar tulu. Gyaran kansa, jiki ne ke yin sa. Da farko jijiyar takan tsuke. Sai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin jini, waɗanda ake kira faletilet, su taru a bakin raunin su manne wa juna. Daga nan sai wani sinadari mai suna fibirin ya saƙa zare a kansu, ya ɗaure su, jini ya daskare ya zama guda. A ƙarƙashin wannan gudan jini ne sabon tantani ke tsirowa, kuma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yi ƙwari.

Ke nan gudan jinin nan tamkar ɗanyen yaɓe ne a jikin bango. Duk wata doka da za a ba majinyaci, manufarta guda ce: kada a taɓa yaɓen kafin ya bushe. Abubuwa huɗu ne ke iya lalata shi, wato ƙarfin bugun jini, da taɓawa, da waɗansu magunguna, da ƙwayoyin cuta.

Abin da ba na tsoro ba ne

Kafin mu shiga dokokin, yana da kyau a san abubuwan da majinyaci zai ji waɗanda ba alamun haɗari ba ne. Zai ji hancinsa ya cika, da ɗan ciwon kai ko nauyin fuska. Idon da ke ɓangaren matoshin zai riƙa hawaye, domin akwai wata 'yar hanya da ke kwashe hawaye daga ido zuwa cikin hanci, kuma matoshin ya danne bakinta. Abinci zai yi masa salam, saboda yawancin abin da muke kira ɗanɗano, a haƙiƙa ƙanshi ne da hanci ke ji. Bakinsa zai riƙa bushewa, musamman da asuba. Haka nan wani ruwa-ruwa mai ɗan ja zai riƙa tsattsafowa. Wannan sai a naɗe bandeji mai tsabta a ɗora a ƙarƙashin hanci, a manne da filasta, a riƙa canza shi idan ya jiƙa. Wanda ya haɗiyi jini da yawa kafin a kai shi asibiti yana iya ganin bayan gidansa ya yi baƙi na kwana ɗaya ko biyu.

Na farko: rage ƙarfin jini a kai

Duk ɗalibin da ya taɓa yin goho na ɗan lokaci ya san yadda fuska ke yin nauyi, jijiyoyin goshi su fito raɗa-raɗa. Dalili shi ne, idan kai ya koma ƙasa da zuciya, jini kan taru a jijiyoyinsa, matsin da ke cikinsu ya ƙaru. Haka abin yake idan mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri. Wannan ƙarin matsi yana iya ture gudan jinin daga mazauninsa.

Saboda haka majinyaci ya kwanta da kansa a sama, a tara masa matashin kai biyu ko uku. Kada ya sunkuya. Idan zai ɗauki wani abu a ƙasa, ya lanƙwasa gwiwa ya tsuguna, kansa a tsaye. Ya bar ɗaukar kaya mai nauyi, da jan guga, da daka, da faskare, da guje-guje da ƙwallo. Ya sha ruwa sosai, ya ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa irin su gwanda da lemo, domin kada bayan gida ya yi tauri ya tilasta masa yunƙuri. Idan atishawa ta zo, kada ya danne ta, ya buɗe baki ta fita ta can.

Zafi ma yana buɗa jijiyoyin jini. Don haka a kwana biyun farko a bar koko da shayi da miya su huce kafin ya sha. Ya yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ya guji turara da zama cikin rana ko gaban murhu. Mai hawan jini kuwa ya ci gaba da shan maganinsa a kan lokaci, domin jinin da ya hau yana sa haɓo ya yi wuyar tsayawa.

Ga Musulmi akwai tambayar alwala da salla. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, shaƙa ruwa da fyacewa sunnoni ne na alwala, barin su ba ya ɓata ta. Haka kuma an yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune, ya yi nuni a maimakon sujada. Wanda ya shiga ruɗu sai ya tuntuɓi malami, amma kada ya shaƙa ruwa a kan matoshi.

Na biyu: kada a taɓa

Matoshi yana da damuwa, kuma hannu kan kai kansa wurin ko mutum bai yi niyya ba. Duk da haka kada a ja shi, kada a tura shi ciki, kada a yanke zarensa ko a sace iskar balan-balan. Idan filastar kumatu ta saki, a manna wata. Kada a fyace majina, kada kuma a ja ta ciki da ƙarfi. A yanke wa yara farce, domin sukan sosa hanci cikin barci.

Idan matoshin ya faɗo da kansa, ba a mayar da shi, ba a kuma cusa tsumma ko auduga ko takarda a madadinsa. A koma asibiti a sanar. Haka nan kada a ɗiga wani magani ko mai ko ruwan ganye a hancin, sai abin da likita ya ce. Akwai nau'in matoshin da ake son a riƙa jiƙa shi da ɗigon ruwan gishiri, akwai wanda ba ya bukata, don haka a tambaya kafin a baro asibiti. Taba kuwa, ta busawa ce ko ta shaƙa, a nisance ta baki ɗaya, tare da hayaƙin itace da ƙura.

Game da bushewar baki, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a shafa Vaseline a leɓe, a kuma goge haƙora kamar kullum. Shanya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado yana ɗan ƙara wa iskar ɗaki danshi.

Na uku: hattara da maganin ciwon kai

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya. Majinyaci ya yi kukan ciwon kai, sai a aika kanti a sayo masa duk abin da aka samu. Alhali kuwa asfirin yana kashe ƙarfin mannewar faletilet, kuma duk ƙwayar da ya taɓa ba ta farfaɗowa har ƙarshen rayuwarta, wato kwana 7 zuwa 10. Ma'ana, ƙwaya ɗaya da aka sha yau tana iya raunana daskarewar jini na kusan mako guda. Ibufurofen da diklofenak su ma suna da irin wannan illa, ko da yake tasu ba ta daɗewa haka. A sani kuma cewa akwai asfirin a ɓoye cikin waɗansu magungunan da aka saba da su, kamar garin Alabukun. Bugu da ƙari, ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umarnin likita.

Maganin da ya dace shi ne farasitamol, a bisa ƙa'idar da aka rubuta. Amma ga wani gargaɗi: wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko warfarin saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya faɗa wa likitan da ya toshe masa hanci, shi zai yanke shawara.

Na huɗu: ƙwayoyin cuta da ranar cirewa

Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus a cikin hancinsa, ba tare da ta cutar da shi ba. To amma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matoshin da ya jiƙe da jini, ga ɗumi, ga duhu, gona ce mai albarka ga wannan bakteriya. Waɗansu nau'o'inta suna fitar da dafi wanda, idan ya shiga jini, yakan kawo zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da amai, da gudawa, da jan ƙuraje a fata kamar ƙuna, sannan bugun jini ya faɗi ƙasa warwas. Wani likitan yara a Amurka, James Todd, shi ne ya raɗa wa wannan ciwo suna a 1978. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa cikin gaggawa. Ban da shi, matoshin da ya daɗe yana iya toshe kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska su yi mugunya, ko kuma dannewar ta hana jini isa ga shamakin hanci har ya yi gyambo.

Wannan ne ya sa ranar cirewa take cikin magani. Galibi akan cire matoshi bayan awa 24 zuwa 72, ba a kuma son ya wuce kwana 5. Kada a ce ai jini ya tsaya, a bari sai ranar kasuwa. Kada kuma a cire a gida don gudun kuɗin mota, domin sai an jiƙa matoshin ya saki tantani kafin a zare shi, kuma idan jini ya sake ɓallewa, a asibiti ne ake da kayan tsayar da shi. Wani likitan yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani ba ya rubutawa, gwargwadon halin majinyaci. Idan an rubuta, a shanye shi yadda aka ce.

Alamun da ba a jira da su

A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jan jini yana zuba ta gefen matoshi ko ta ɗaya kafar, kuma bai tsaya ba bayan an zauna an matse hanci na minti 15.
2. Jini yana gangarawa ta maƙogwaro, ko majinyaci yana yawan haɗiya, ko yana aman jini.
3. Wahalar numfashi, ko jin matoshin ya zame baya zuwa maƙogwaro.
4. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko ƙuraje, ko amai da gudawa.
5. Jiri, ko suma, ko bugun zuciya da sauri, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari.
6. Kumburin fuska ko ido, ko gani ya canza, ko ciwon kai mai tsanani, ko wari na fitowa daga hanci.

Mai jinya ya sa safar hannu ko leda idan zai taɓa bandejin da ya jiƙe da jini, ya kuma wanke hannu da sabulu. Wannan ya ƙara zama wajibi idan zazzaɓi ya riga zubar jinin zuwa, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ya fi yaɗuwa da rani, kuma yana bin jini.

Bayan an cire

Cire matoshi ba shi ne ƙarshen jinya ba. Sabon tantanin bai yi ƙwari ba tukuna, don haka a ci gaba da kiyaye dokokin nan har mako biyu. A riƙa shafa ɗan Vaseline a bakin kafar hanci safe da yamma, a kuma riƙa ɗiga ruwan gishiri. Ana sayar da shi a kantin magani, ana kuma iya haɗa shi a gida: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe, cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ɓawon da ya fito a bar shi ya faɗi da kansa. Wanda ya zubar da jini da yawa ya ci abinci mai gina jini, kamar hanta da nama da wake da zogale da alayyafo.

Idan haɓon yana yawan dawowa, to a nemi sanadinsa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Wani lokaci jijiya ɗaya ce, likita zai ƙona bakinta da sinadari a huta. Wani lokaci kuwa alama ce ta ciwon da ya shafi jini ko hanta. Akwai kuma wani tsiro mai yawan jijiyoyi da ke fitowa a bayan hanci, wanda kusan samari matasa kaɗai yake samu. Saurayin da kafar hancinsa ɗaya ke toshewa kullum, tana kuma yawan zubar da jini, ya kamata a duba shi.

Kira ga malamai

A makarantar kwana malami shi ne uwa, shi ne uba. Idan ɗalibi ya dawo da matoshi, a rubuta ranar da aka saka da ranar cirewa a littafin ɗakin shan magani, a kuma sanar da iyaye. A ɗauke masa shara da ɗebo ruwa da wasanni da goge allo na mako biyu. A hana shugabannin ɗalibai yi masa horon goho ko tsallen kwaɗo. A mayar da shi gadon ƙasa, a sa wani abokinsa ya kwana kusa da shi, wanda ya san alamun nan shida kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kammalawa

Mun ga cewa likita danne jijiya kawai ya yi, jiki ne ke ɗinke ta, kuma aikin mutanen gida shi ne su ba jikin lokaci. Kai a sama, hannu a nesa, farasitamol a maimakon asfirin, sannan a koma asibiti ranar da aka ce. Wanda ya fahimci dalilin kowace doka ba zai karya ta don ganin jini ya tsaya ba.

Tambayoyi da aikin aji

1. Zana shamakin hanci, ka nuna inda haɓo ya fi fitowa.
2. Bayyana matakai uku na daskarewar jini, ka faɗi wanda asfirin ke ɓatawa.
3. Idan mutum yana numfashi sau 14 a minti, kowane numfashi rabin lita, lita nawa yake shaƙa a awa 24?
4. Ɗalibi ya rufe ido ya toshe hanci, a ba shi yankan albasa da na ɗanyen dankali. Ya iya bambancewa? Me ya sa?
5. Me ya sa barin matoshi ya wuce ranarsa yake da haɗari, ko da jinin ya tsaya?